Ta'aziyya Kafin Tarewa

A tsakiyar shekarun casa'in ina zaune a Villeurbanne, jikin Lyon, inda aka turo ni ƙarin karatu bayan na daɗe ina koyar da tarihi a Damagaram. Ɗaki ɗaya gare ni a hawa na uku, da tebur, da littattafan da suka fi tufafina yawa. Ƙanwata kuwa tana Paris tare da mijinta, direban wani jami'in diflomasiyya. Su ma ɗaki ɗaya gare su, can ƙarƙashin rufin wani tsohon bene, irin ɗakunan da masu gida suka gina wa barorinsu a zamanin da. Ba lasansar, na'urar nan mai hawa da mutane bene, sai ƙafa. Ga ta da tsohon ciki. Kullum in ta dawo kasuwa sai ta huta a kowane hawa, har ta san tabarmar ƙofar kowa, ba ta san fuskar kowa ba.

Sun daɗe suna jiran gidan haya mai rahusa. Ran nan aka ce layinsu ya zo, an ba su ciki da falo a Drancy, arewa da Paris, da madafa da wurin wanka nasu na kansu. Aka kuma gaya musu in sun ƙi, akwai masu so, su kuma sai su koma ƙarshen layi.

Mijin ne ya kira ni a tarho. Gaisuwar da a gida za ta kai mu har kan awaki, ya gama ta cikin numfashi ɗaya.

"Malam, ka zo ka yi wa ƙanwarka magana. An ba mu gida, ta ce ba ta shiga."

"Aljanu ta gani?"

"Ai da aljanu ne da sauƙi, Paris cike take da malamai. Tarago ta gani."

"Wane tarago?"

"Na jirgin ƙasa, Malam. A tsakar gida. Na ce mata kayan tarihi ne, ta ce tarihin wa."

Bai ƙara ba na gane gidan. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da Jamusawa suka mamaye Faransa, a wannan ginin aka riƙa tara Yahudawan da aka kamo daga ko'ina cikin ƙasar, maza da mata da jarirai, kafin a loda su a taragai a kai su sansanonin gabas inda ake hallaka su. Da yaƙi ya ƙare aka share ginin, aka yi fenti, aka zuba 'yan haya. Turawa ba sa wasa da gini mai kyau.

Na san wannan ne don tun zuwana Lyon na mai da ranar Lahadi ranar yawon irin waɗannan wurare. Abokan zamana suna zuwa ƙwallo, ni ina zuwa inda aka kashe mutane, kowa da abin da ke hana shi zaman ɗaki. Na shekara da shekaru ina koyar da darasin nan, awa ɗaya a ƙarshen zangon karatu, yara suna hamma suna jiran hutu. Dalilan duk na san su yadda ake son a amsa a jarrabawa: ƙiyayya da aka daɗe ana shukawa, da yunwa, da shan kashi a yaƙi, da dokokin da suka zo ɗaya bayan ɗaya, yau a hana ka aiki, gobe a hana ka zama a bencin lambu, jibi a ɗinka maka alama a riga. Zan iya jero su ina barci. Abin da ban iya ba shi ne in ga mutum yana yi.

Na je ginin da 'yan sandan asirin Jamus suka riƙa azabtar da mutane a tsakiyar Lyon, wanda aka mayar gidan tarihi. Na hau bis na je Rillieux-la-Pape, na tsaya a jikin katangar maƙabarta inda aka harbe Yahudawa bakwai. Ba Jamusawa suka harbe su ba, 'yan ƙasa ne. Ɗaya daga cikin bakwai ɗin ba a ma san sunansa ba. Na je wani gida a kan tudu, gabas da Lyon, inda aka ɓoye yara har ranar da aka zo aka kwashe su. Ajinsu yana nan. Bencinan irin waɗanda na zauna a kai ne ina ɗan lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, masu ramin tawada a gefe. A nan ne kawai na fita waje na daɗe kafin in koma ciki.

Abu ɗaya na lura da shi wanda littafi bai cika faɗa ba. Kowane wuri da na je yana da maƙwabta. Bis na gari ke kai ka, ka sauka, ga gidan burodi, ga tagogi suna kallon wurin.

Na shiga jirgin Paris ranar Asabar. Mu uku muka je Drancy. Ginin dogo ne ya yi kamar kofaton doki, tsakar gida a tsakiya. Mata sun yi shanya a tagogi, wani yana wanke mota, rediyon wani yana kiɗan Larabawa. Taragon yana bakin shiga a kan ɗan guntun layin dogo, na katako, irin na ɗaukar dabbobi. Mijin ya tsaya nesa yana juya makulli a aljihu. Ƙanwata ta zaga taragon, hannu a ƙugu.

"Yaya, su wa suka yi gadinsu?"

"Da farko jandarmomin ƙasar nan."

"Da me aka kai su gar, tashar jirgin?"

"Da bis. Irin wanda ya kawo mu."

Ta ɗaga kai ta dubi gidajen da ke ƙetaren hanya. "Waɗancan akwai mutane a ciki a lokacin?"

"Akwai."

"Ba wanda ya fito ya ce ina za ku kai su? A unguwarmu ta Birni ko akuya ka ja da igiya sai mutum goma sun tambaye ka ina zuwa. Amma mutanen nan? Shekarata nawa ina hawa bene da su, ko sannu da ciki. Shi ya sa. A garinmu ba a yi wannan."

Na san maganar nan tana da daɗin ji, kuma da na bar ta a kanta da mun koma gida da wuri. Amma malamin tarihi ba ya iya ganin ƙarya mai daɗi ya wuce ta, cutarmu ce.

Na ce, "Kin san gadon ƙarfen Inna?"

"Wanda aka haife ni a kai?"

"Shi. Kin san inda aka samo shi?"

Ba ta sani ba. Na gaya mata. Ina yaro ƙarami aka wayi gari an ce ma'aikata 'yan Dahome su bar ƙasa. Maƙwabcinmu ɗan Dahome ne, akawu a gidan waya, matarsa kan ba mu soyayyar doya a takarda. Unguwa duk ta fito ranar da aka loda su a kamiyo, babbar motar kaya. Kowa ya tambaye su ina zuwa. Kowa ya ce Allah ya kiyaye hanya. Sannan aka shiga aka sayi kayansu da araha, don kamiyo ba ya ɗaukar gado.

Na ce, "Ban haɗa wannan da wancan ba. Maƙwabcinmu ya isa garinsu da ransa. Amma kada ki ce mini mu ba mu iya tsayawa mu yi kallo ba."

Can ta ce, "Inna ta sani?"

"Inna ce ta zaɓi gadon."

Mijin ya dube ni kamar wanda ya kira likita, likitan ya zo ya ƙara wa majinyaci zazzaɓi. Ya ce, "Malam, na gode da taimako."

Muka hau muka ga ɗakin. Fes yake, rana tana shiga har tsakiyar falo. Ƙanwata ta murɗa famfo ruwan zafi ya zubo, na ga yadda ta tsaya tana kallonsa. Tana son gidan, ba sai an faɗa ba. Ta rufe famfon ta juyo.

"Ni ba tsoro nake ji ba, ku daina kallona haka. Matattu ba su taɓa yi mini kome ba. Amma gidan da aka yi mutuwa ba a shigarsa da tukwane ba a gai da masu mutuwar ba. Wa ya taɓa yin haka? Ko kare ya san ya sunkuyar da kai."

Mijin ya ce, "Na ce mata mu yi saukar Alƙur'ani, mu ba da sadaka."

"Sauka tamu ce. Gaisuwa tasu ce."

"To ina za mu same su, Hajiyata? Mu bi titi muna tambaya wa aka kashe wa uwa?"

"Kai direba ne, ka san hanya."

Na bar su suka ɗan taɓa, don aure yana son motsa jiki. Sannan na ce na san mutum ɗaya.

Ƙofar da ke kallon tawa a Villeurbanne ta wata tsohuwa ce, 'yar ƙarama, mai kaifin baki, wadda ta yi ritaya daga aikin buga tafireta. Nakan ɗauko mata kayan cefane, ita kuma ta biya ni da gyaran Faransancina, ko na yi kuskure ko ban yi ba. Farfesa take kirana, da wata murya da ke nuna ba ta yarda da muƙamin ba. Wata rana ta ga littafin da ke hannuna, ta ce, "Uwata da ƙanena ta Drancy suka bi," ta karɓi jakar cefanenta ta rufe ƙofa. Ba mu sake tada maganar ba.

Da na koma na ƙwanƙwasa mata na yi bayani iyakar iyawata. Na ce a wurinmu in an yi wa mutum rasuwa, duk wanda ya ji sai ya taka ya je ya gaishe shi, ko ya san mamacin ko bai sani ba, kuma ba a cewa lokaci ya wuce. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Farfesa, ƙanwarka ta yi lattin shekara hamsin."

"A garinmu wannan ba latti ba ne, Madam. Hanya ce ta yi nisa."

"Izini take nema? Ni ba ni ke ba da gidaje ba."

"Gaisuwa kawai."

"Ku zo da la'asar. Kafin labarai."

Ƙanwata ta daka gumba, abin da ya sa mutumin da ke ƙasansu ya hau ya yi magana da ita karo na farko tun zuwanta gidan. Ta ƙulla gumbar da dabino a kwano, ta shigo jirgi da mijinta. A hanya daga gar ta tambaye ni abin da ya kamata ta ce, tunda ba addininmu ɗaya ba. Na ce haƙuri na mai rai ne, ta ba ta shi.

Tsohuwar ta shirya mana kujeru da kofunan shayi masu bakin zinariya. Ƙanwata ta tuɓe takalmi a ƙofa, ta wuce kujerun duka, ta dafa bango ta sauka a hankali ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe ƙafafu. Haka ake yi a gidan makoki, ba a shiga a haye kujera kamar an zo karɓar haraji. Mijin ya durƙusa a bakin ƙofa.

Tsohuwar ta tsaya da butar shayi a hannu. Fuskarta ta sauya.

"Farfesa, tambaye ta. Ita aka yi wa mutuwa ko ni?"

Na tambaya. Ƙanwata ta ce, "Ita mana."

"To wurina ta zauna. A wurinmu wanda aka yi wa mutuwa shi ke zama a ƙasa. Baƙi su ke hawa kujera, su ke kawo abinci." Ta dubi kwanon. "Abincin dai ta kawo."

Ƙanwata ta yunƙura za ta tashi, ciki ya hana. Tsohuwar ta ɗaga mata hannu ta ce ta zauna. Ta ajiye butar, ta zare matashin kujera ta jefa ƙasa, ta kama hannun kujerar ta gangara, gwiwoyinta suna ƙara. Da ta kai ƙasa sai ta yi ajiyar zuciya.

"Ban taɓa zama ba," in ji ta. "Ba gawa, ba rana. Ka zauna yaushe? Muna ta jira su dawo, har jiran ya tsufa."

Ƙanwata ta ce, "Mama, ashe rashi aka yi muku. Ya haƙuri? Allah ya ba ki haƙuri. Allah ya sanyaya miki." Na mayar da shi Faransanci, ya fito a ƙanƙance, kamar rigar da ta sha wanki. Tsohuwar ba ta gyara mini ko kalma ɗaya ba.

Daga nan ƙanwata ta yi abin da kowace mace daga garinmu za ta yi. Ta gyara zama ta ce, "Yaya, tambaye ta yadda abin ya faru." A gida ai ana tambaya, ya yi jinya ne ko farat ɗaya, wa ke kansa, da wane lokaci. Mai makoki ma yana jiran a tambaye shi. Amma nan Faransa ce, inda tambayar mutum shekarunsa ma laifi ne. Na yi jinkiri.

"Me ta ce?" in ji tsohuwar.

Na faɗa mata.

"To me kake jira? Shekara biyu kana yawo da littattafai a gabana ba ka tambaya ba."

Ta ba da labarin kai tsaye, ba ado. Tana 'yar budurwa, uwarta ta aike ta layin burodi. Ta dawo, ta shigo zaure, ta ji takalman 'yan sanda a sama. Akwai wata maƙwabciyarsu a hawa na farko, mace mai yawan gaisuwa, kullum sai ta ja mata kunci. Ranar nan matar tana tsaye a matakala da tsintsiya. Ta dube ta kamar ba ta taɓa ganinta ba, ta daka mata tsawa yadda na sama za su ji, ta ce ba a bara a gidan nan, ta fita. Yarinyar ta fita. Ta tsaya a kusurwar titi da burodi a hammata, ta ga an sauko da uwarta da ƙanenta. Uwar ta gan ta, ta kau da kai.

"Matar nan ce ta cece ni," in ji ta. "Bayan yaƙi na koma in yi mata godiya. Labulen uwata ne a tagarta. Na yi godiyar, na sha kofi, ban tambayi labulen ba. Farfesa, kai ne mai neman yadda aka yi. Rubuta wannan, ka ga ko zai shiga jarrabawa."

Na fassara. Ƙanwata ta dube ni da aka zo kan labulen, ni ma na dube ta, ba wanda ya ambaci gado.

Mijin yana jan carbi a hankali. Can ƙanwata ta buɗe kwano ta tura. Tsohuwar ta gutsuri gumba ta tauna ta daɗe.

"Mene ne wannan?"

"Gero ne da sukari, Madam."

"Kamar siminti mai zaƙi." Ta ƙara gutsura. "Tagar ɗakin na Drancy ina take kallo?"

Ƙanwata ta ce tsakar gida.

"Ni ban taɓa zuwa ba, ba kuma zan je ba. Kada ku gayyace ni. Yaushe za ki haihu?"

"Ya kusa, Mama."

"To me kike yi a saman bene ba lasansar? Ke mahaukaciya ce?"

Wannan na fassara shi daidai, har da muryar. Ƙanwata ta yi dariya har da hawaye, ko kuma hawayen ne suka riga, ban tantance ba. Da lokacin labarai ya yi aka ga ba mai iya tashi a cikinsu. Ni na ɗaga tsohuwar, mijin ya ɗaga matarsa, suna ta yi wa juna tsiya kowa da harshensa kan wadda ta fi nauyi.

A matakala ƙanwata ta sa takalmi ta ce wa mijin, "Gobe ka je ka ce musu mun karɓa." Sai da muka fita titi bawan Allah ya kama hannuna da hannu biyu.

Sun tare kafin haihuwa. An yi sauka, an raba sadaka har gidajen da ba su san dalili ba. Ta haifi 'ya mace. Tsohuwar ba ta je suna ba, kamar yadda ta faɗa, sai ni na ɗauko mata kasonta na naman suna a jirgi, ta karɓa ta ce ya yi yaji, ta cinye.

Na ci gaba da yawon Lahadi har na gama karatu. Da na koma aji darasin ya daina isata a awa ɗaya. Nakan fara da dokoki da jiragen ƙasa kamar yadda tsarin karatu ya ce, sannan in ba su labarin matar da ke tsaye da tsintsiya, in tambaye su mutumiyar kirki ce ko a'a. Ba a taɓa yin hamma a wannan ba.

Ƙanwata kuwa ta zama abin magana a matakalarsu. Ba mai hawa ko sauka ba ta leƙo ta tambaye shi ina zuwa ba, da Faransancinta na aji shida. Wasu suna amsawa, wasu suna sauri. Wata safiya ina can hutu muka ji takalma masu nauyi, ta leƙa ta ga mutane cikin kayan sarki suna saukowa da tsohon da ke samansu. Ta fito da goyo a baya ta tare matakala.

"Ina za ku kai shi?"

'Yan kwana-kwana ne, tsohon ya faɗi a wurin wanka ya karya ƙugu. Babbansu ya ce asibiti, Madam, a ba mu hanya.

"Wane asibitin?"

Ya faɗa. Ta sa ya maimaita, sannan ta matsa. Da la'asar ta dama kunu ta zuba a kwano, ta miƙa mini jaririyar, ta ce mijin ya fito da mota.